John Snow

John Snow (15 ga Maris, 1813 – 16 ga Yuni, 1858) likita ne ɗan ƙasar Ingila. An fi saninsa da nuna cewa gurɓataccen ruwan sha ne ke yaɗa cutar kwalara, a lokacin da yawancin likitoci suka yi imani cewa warin ƙazanta da gurɓatacciyar iska ne ke kawo ta.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin York, mahaifinsa lebura ne. Yana da shekara 14 ya fara koyon aikin likita a Newcastle. Ya samu digirin likitanci a Jami'ar Landan a 1844.

Bincike kan kwalara

A 1849 ya wallafa ɗan littafi, inda ya yi bayanin cewa tunda cutar a hanji take farawa, ta baki take shiga jiki. Likitoci kaɗan ne suka yarda.

A ƙarshen Agustan 1854 annoba ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan, mutum fiye da 500 suka mutu cikin kwana goma. Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya tarar yawancinsu daga famfon tuƙa-tuƙa na titin Broad suke sha. Ma'aikatan wani kamfanin giya da ke titin, waɗanda iska ɗaya suke shaƙa da sauran jama'a amma ba sa shan ruwan, ba su kamu ba. Ya kai hujjojinsa ga hukumar unguwar, aka cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba, lokacin annobar ta fara lafawa. Daga baya ya zana taswirar mace-macen. Wani limamin coci, Henry Whitehead, da farko bai yarda ba, amma binciken da ya yi da kansa ya kai ga gano salgar da ke yoyo kusa da rijiyar.

Mutuwa da tasiri

Snow ya mutu a Landan sakamakon shanyewar jiki yana da shekara 45, hukumomin lafiya ba su karɓi ra'ayinsa ba tukuna. A 1884 Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar kwalara. A yau ana lissafa Snow cikin waɗanda suka kafa ilimin bin diddigin annoba.