Orlando Martins: Ɗan Legas da ya yi suna a finafinan Ingila

Tun kafin a san Nollywood ko Kannywood, wani ɗan Legas mai suna Orlando Martins ya riga ya zama sananniyar fuska a gidajen sinima na Ingila. Yana cikin 'yan wasan da ake sanyawa a gefen jarumi, yau boka, gobe basarake, jibi soja, waɗanda idan babu su fim kan zama miya ba gishiri.

An haife shi a Legas ranar 8 ga Disamba, 1899. Ya isa Landan a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya yi ayyuka iri-iri domin neman abin sakawa a bakin salati, har da kokawa da wasa da maciji, kafin ya samu hawa dandamali.

A 1935 ya fito a fim ɗin Sanders of the River tare da Paul Robeson, shahararren mawaƙi baƙar fatar Amurka. Fim ɗin ya kambama mulkin mallakar Turawa a Nijeriya, har Robeson ya nesanta kansa da shi. Shekara guda bayan haka, su biyun suka sake haɗuwa a wasan dandamali na C.L.R. James kan Toussaint Louverture, jagoran bayin da suka yi tawaye a Haiti.

Matsalar da Martins ya yi ta fama da ita ita ce, Turawa ne ke rubuta labaran, kuma abin da suke ware wa ɗan Afirka bai taka kara ya karya ba. Aikinsa shi ne ya zuba wa wannan ɗan gurbi rai. A Men of Two Worlds na 1946 ya fito a matsayin Magole, boka mai adawa da jami'an da ke yaƙi da ciwon barci a Tanganyika, kuma kwarjinin da ya nuna ya ɗaga sunansa.

Fitowarsa da aka fi tunawa ita ce a The Hasty Heart na 1949, tare da Richard Todd da Ronald Reagan, wanda ya zama shugaban Amurka a 1981. Martins shi ne Blossom, sojan Afirka da ke jinya a asibitin soja a Bama, ƙasar da dubban sojojin Nijeriya suka yi yaƙi. Blossom ba ya jin Turanci, abin da ke bakinsa kawai shi ne sunan da aka laƙaba masa. Da ido da motsin jiki Martins ya isar da saƙo, musamman inda ya miƙa wa wani soja da ajali ya kusanto sarƙar wuyansa, sojan ya ƙi karɓa.

Daga nan ya fito a Simba na 1955, kan tawayen Mau Mau a Kenya, da The Nun's Story na 1959. A wannan shekarar ya dawo Legas.

Sai da ya kai shekara 70 kafin ya fito a finafinan da aka gina kan rubutun 'yan ƙasarsa: Kongi's Harvest na 1970, daga wasan kwaikwayon Wole Soyinka, da wanda aka shirya daga littattafan Chinua Achebe a 1971. Ya rasu a Legas ranar 25 ga Satumba, 1985, yana da shekara 85.