François Boucher, Mai Zanen Tatsuniyoyin Soyayya

Ya kai ɗalibi, ka ji labarin Bayajidda da Daurama, ka kuma ga kwanuka masu zanen furanni a kasuwar Potiskum. To, an yi wani gwani a Faransa wanda ya haɗa tatsuniya da kayan adon ɗaki. Sunansa François Boucher.

An haife shi a birnin Paris a shekarar 1703. Mahaifinsa mai zane ne, kuma a wurinsa ya fara koyo. Daga baya ya tafi Italiya ƙaro ilmi.

Boucher ya shahara wajen zana labaran soyayya na tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. Ɗaya daga ciki shi ne na Psyche, wadda aka hana ta ganin fuskar mijinta. Wata rana da dare ta kunna fitila ta dube shi, nan take ya ɓace mata, ba ta sake samunsa ba sai da ta sha wuya. Masaƙan garin Beauvais sun saƙa zanen wannan labari a dardumomin bango, masu yin tangaran na Sèvres kuma suka kwaikwayi wasu zane-zanensa.

A 1765 Sarki Luwis na 15 ya naɗa shi babban mai zanen fada. Duk da haka, marubuci Diderot ya soke shi, yana ganin aikinsa ƙawa ce kurum, ba ya nuna gaskiyar rayuwa. Boucher ya rasu a 1770.

Kai fa, me ka gani? Ƙawa kaɗai ta isa, ko kuwa dole ne zane ya koyar da darasi?