Charles de Foucauld: limamin cocin da nonon awakin Buzaye ya ceta

Duk ɗan Tasawa ko Mayahi da ya taɓa zuwa biɗa Tamanrasat, a kudancin Aljeriya, ya taka garin da wani Bafaranshe ya ƙare rayuwarsa. Sunansa Charles de Foucauld. Ranar 15 ga Mayun 2022 Fafaroma Francis ya sa shi cikin jerin waliyyan cocin Katolika, alhali shekara 11 ya yi tsakanin Buzaye bai mayar da ko ɗaya daga cikinsu Kirista ba. To, me coci ta gani a gare shi?

An haife shi a Strasbourg ranar 15 ga Satumban 1858, a gidan masu hali. Yana ɗan shekara biyar ya rasa uwa da uba, kakansa ya riƙe shi. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1876, ya watsar da addini, ya shiga facaka da dukiyar gado.

Bayan ya tuɓe kaki a 1882, sai ya ɓad da kama cikin shigar Bayahude, ya ratsa Maroko daga 1883 zuwa 1884 yana zana taswira. A wannan tafiya ya ga Musulmi suna tsai da salla komi wahala, abin ya tsaya masa a rai. Can a Paris, cikin Oktoban 1886, ya koma ga addinin iyayensa a hannun wani limamin coci mai suna Huvelin. Ya yi shekara bakwai cikin masu zuhudu na Trappe, sannan ya zama bara a gidan wasu mata masu ibada a Nazarat. An naɗa shi limamin coci ranar 9 ga Yunin 1901.

Daga nan ya nufi Sahara. A Beni Abbes ya fanshi bayi kaɗan da kuɗi, ya kuma rubuta wasiƙu yana sukar yadda Faransa ta kau da kai daga bauta. A 1905 ya sauka Tamanrasat, lokacin tana ɗan ƙauye, da yardar Musa ag Amastan, sarkin Buzayen Ahaggar. Ya duƙufa kan harshensu: ya tattara baitocin waƙa kusan 6,000, ya haɗa ƙamus na Buzanci da Faransanci wanda aka buga cikin littattafai huɗu a 1951 da 1952. Har yau masana harshe na amfani da shi.

Fari ya afka wa yankin a 1907. Ya rabar da abincin da ya tanada, a farkon 1908 kuma ciwo ya kwantar da shi har ya fid da rai. Maƙwabtansa Musulmi, waɗanda su ma yunwa ke ci, suka bi rugage suna neman awakin da ke da sauran nono, suka shayar da shi har ya miƙe. Wanda ya zo da niyyar bayarwa ya wayi gari shi ake yi wa alheri. Marubuta tarihinsa da dama na ganin a nan ne zamansa da Buzaye ya zama na zumunci.

Sai dai akwai inda ake kukansa. Aminin Laperrine ne, hafsan da ya shimfiɗa mulkin Faransa a tsakiyar Sahara, yana kuma aika wa sojoji labarin abin da ke gudana a yankin. Bai taɓa ƙin mulkin mallaka ba. Ranar 1 ga Disamban 1916 wasu mahara masu alaƙa da Sanusiyya suka kama shi a ƙofar ganuwar da ya gina, wani yaro da aka bar wa gadinsa ya firgita ya harbe shi. Cikin watan nan ne Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya. Shi ya sa har gobe wasu ke kallonsa a matsayin idon Nasara.

Ya mutu ba shi da almajiri. Amma a 1933 René Voillaume ya kafa ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Yesu bisa tafarkinsa, a 1939 Magdeleine Hutin ta kafa ta mata. Ƙa'idarsu ita ce zama cikin talakawa, da yin aikin da suke yi, ba tare da wa'azi a dandali ba. A 1965 babban taron Vatican na biyu ya fitar da takardar Nostra Aetate, wadda ta bayyana girmamawar coci ga Musulmi. Fafaroma Benedict na 16 ya amince da ɗaga shi matakin masu albarka a 2005, shi kuwa Francis da misalinsa ya rufe wasiƙarsa Fratelli Tutti ta 2020 a kan 'yan'uwantaka.

Wannan koyarwa ta shafe mu kai tsaye. Tasawa da Mayahi na ƙarƙashin yankin bishop na Maradi, wanda aka kafa a 2001, inda Katolika 'yan tsiraru ne a tsakiyar Musulmi. Ba a manta da majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai ba cikin Janairun 2015. Ga Kirista, tarihin Foucauld na cewa ya koyi harshen maƙwabci, ya kuma yarda ya karɓa daga hannunsa. Ga Musulmi kuwa, abin tunawa shi ne waɗancan makiyaya na 1908, da ba su tambayi addinin majinyaci ba kafin su kai masa ƙwaryar nono.