John Reith: Mutumin da Ya Hana Gwamnati Ƙwace BBC, Ya Kuma Hana 'Yan Adawa Magana

Duk lokacin da aka tayar da zancen mayar da gidajen talabijin ɗinmu kan tsarin dijital, sai in ga hankalinmu ya tafi ga akwatin dikoda da yawan tashoshin da zai kawo, an bar tambayar da ta fi nauyi, wato a hannun wa mabuɗin zai zauna. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu waiwayi rayuwar John Reith, shugaban BBC na farko, wanda ya yi karo da wannan tambaya tun rediyo na jariri.

An haife shi a 1889 a garin Stonehaven na ƙasar Sikotilan. Mahaifinsa limamin coci ne, kuma tsaurin tarbiyyar gidan bai sake shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Aikin injiniya ya koya. A Yaƙin Duniya na Ɗaya harsashi ya same shi a kunci a 1915, ya bar masa tabo. A ƙarshen 1922 aka ɗauke shi manajan wani ɗan kamfani da masu ƙera akwatunan rediyo suka kafa domin hajarsu ta samu kasuwa, alhali bai san komai game da rediyo ba. A 1927 kamfanin ya zama hukumar jama'a, ba ta karɓar talla, tana rayuwa da kuɗin lasisi na sule goma da mai akwati ke biya duk shekara.

Amma zakaran gwajin dafi shi ne yajin aikin gama-gari na watan Mayun 1926. Jaridu sun tsaya, rediyo ya zama kunnen ƙasa. Winston Churchill, Ministan Kuɗi a lokacin, ya nemi gwamnati ta karɓe BBC kacokan. Reith ya turje, Firayim Minista Stanley Baldwin kuma bai bi Churchill ba. A nan masu yabonsa kan tsaya, ni kuwa ina ganin sauran labarin ya fi muhimmanci. Baldwin daga gidan Reith ya yi wa ƙasa jawabi, Reith ma ya sa hannu wajen gyara jawabin. Shugaban adawa, Ramsay MacDonald, ya nemi a ba shi dama, aka hana shi. Kiran sulhun da babban limamin Canterbury ya shirya ma sai da aka jinkirta shi. Ashe da takunkumin da ya ɗaura wa kansa ya sayi 'yancin gidan. Har yanzu na kasa yanke hukunci ko cinikin ya yi riba, sai dai na san da Churchill ya yi nasara, da wuya a ce muryar da ta fara Hausa daga Landan a 1957 ta samu amincin da ta samu a wurin iyayenmu.

A matsayina na ɗalibin harshe, akwai wani aikinsa da ba na iya tsallakewa. A 1926 ɗin nan ya kafa kwamitin daidaita lafazin Turanci, wanda marubuci Bernard Shaw da masanin furuci Daniel Jones suka zauna a ciki. Karin maganar masu hannu da shuni na kudancin Ingila ya zama ma'auni, sauran kare-karen suka koma gefe, alhali shi kansa mutumin Sikotilan ne. Mai karatu ya tuna yadda Sakkwatanci kan ɓace da zarar an zo karanta labarai, zai gane abin da nake nufi.

Da tsarin BBC aka auna Hukumar Rediyon Nijeriya a 1957, amma rigar muka ara, jikin bai zo ba. A 1977 da 1978 gwamnatin soja ta tattara gidajen talabijin ƙarƙashin NTA, ta kuma shigar da Rediyon Kaduna cikin FRCN. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, sai dai Shugaban Ƙasa ke naɗa shugabannin hukumar NBC mai kula da lasisi. Wa'adin komawa dijital na 17 ga Yunin 2015 ya wuce mu, Birtaniya kuwa ta gama tun 2012. Da aka fara gwaji a Jos a 2016, kamfanin da ya rarraba siginar daga jikin NTA ya fito.

Reith ya bar BBC a 1938, kuma bai sake samun aikin da ya cika masa zuciya ba. Ya riƙe Ministan Yaɗa Labarai a 1940, aka sauya masa ma'aikatu, Churchill ya sallame shi a 1942. Littafin sirrinsa da aka buga bayan mutuwarsa ya tona cewa tsarin aikin Hitila ya taɓa burge shi. Ya yaƙi talabijin na 'yan kasuwa iya ƙarfinsa a Majalisar Dattawa, amma yana ji yana gani tashar ITV ta fara aiki a 1955. Ya mutu a Edinbara ranar 16 ga Yunin 1971, yana da shekara 81.