Sarki Jemis Mai Sarauta Biyu

In mun dubi taswirar Birtaniya sai mu ga tsibiri ɗaya, mu zaci tun asali mutanensa al'umma ɗaya ce. Ko kusa! Ingila a kudu da Sikotilan a arewa sun yi shekaru ɗaruruwa kowace da sarkinta, suna kai wa juna yaƙi. Wanda ya fara riƙe su duka biyu shi ne Sarki Jemis.

An haife shi a birnin Edinbara cikin shekara ta 1566. Bai cika shekara ba aka kashe ubansa, sa'an nan manyan ƙasa suka tuɓe uwarsa, Sarauniya Maryamu, suka naɗa shi Sarkin Sikotilan yana ɗan wata 13. Mutum huɗu suka riƙe masa sarauta bi da bi, uku daga cikinsu kashe su aka yi. Wannan ya koya masa tsoron fitina da son sulhu.

A 1587 Sarauniya Alisabatu ta Ingila ta sa aka sare wa uwarsa kai. Jemis ya haɗiye fushi bai ɗaura yaƙi ba, gama Alisabatu ba ta da ɗa, shi kuwa jinin gidan sarautarta ne. Da ta rasu a 1603, sai ya sauko Landan ya gaje ta, ba a zare takobi ba.

To, nan fa aiki ya tsaya masa. Ya so ƙasashen su zama ɗaya, da shari'a ɗaya da majalisa ɗaya. Majalisar Ingila ta ƙi, don suna ganin mutanen arewa talakawa ne masu zuwa cin arzikinsu. Mutanen arewa kuma suka ji tsoron a haɗiye su. A 1604 ya kira kansa Sarkin Birtaniya Babba, a 1606 ya sa aka yi tuta ɗaya mai alamun ƙasashen biyu. Iyakar abin da ya samu ke nan har ya rasu a 1625.

Sai a 1707, zamanin tattaɓa-kunnensa Sarauniya Ana, majalisun suka haɗu, Sikotilan kuwa ta riƙe shari'arta da cocinta. Ko a 2014 sai da mutanenta suka jefa ƙuri'a kan rabuwa, kashi 55 cikin ɗari suka zaɓi zama. Ashe gadon sarauta kan haɗu rana ɗaya, amma haɗa zukatan jama'a aiki ne na jikoki.