Malam Aminu Kano (1920–1983) da Tsare-tsaren Zaɓe Uku

An haifi Malam Aminu Kano a unguwar Sudawa ta birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna da kuma Landan, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauci da Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aiki ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953. Daga nan rayuwarsa ta ratsa tsare-tsaren zaɓe uku, kowanne da amfaninsa da kuma illarsa.

Na farko shi ne zaɓen 1951 mai hawa-hawa: talakawa su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi waɗansu, har a kai matakin lardi, inda hukumar En'e ke da ikon cusa nata mutane. Tsarin yana da sauƙin gudanarwa, amma muryar talaka takan dushe kafin ta kai ƙoli. NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a birnin Kano, ta tashi babu kujera ko ɗaya a Majalisar Arewa.

Na biyu shi ne zaɓen 1959, na ƙuri'ar asiri da wakili ɗaya a kowace mazaɓa, wanda ya fi yawan ƙuri'a ya kwashe. A nan ne Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas. Tsarin ya kusanto da wakili ga jama'arsa, sai dai ya tauye ƙananan jam'iyyu: ƙuri'un NEPU kimanin rabin miliyan sun samar da kujeru 8, na NPC kusan miliyan biyu suka samar da 134. Matan Arewa kuwa, waɗanda ya daɗe yana fafutukar 'yancinsu, ba su jefa ƙuri'a ba.

Na uku shi ne na 1979, wanda ya shar'anta wa ɗan takarar shugaban ƙasa samun kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi 19, domin daƙile siyasar ɓangaranci. Malam ya tsaya a PRP, kuma rinjayensa a Jihar Kano ne ya hana Alhaji Shehu Shagari cika wannan kaso a jiha ta 13, abin da ya kai ga shari'a a Kotun Ƙoli.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirye-shiryen wani zaɓen.