Florence Nightingale, Wadda Ta Shiga Aikin Jiyya A Makare

Cikin 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, shi da ya bar mana littattafai a kan magani, wata 'yar shekara 16 a Ingila ta ji a ranta akwai aikin da aka halicce ta dominsa. Ita ce Florence Nightingale, haifaffiyar 1820. Ubanta attajiri ne, shi da kansa ya karantar da ita. Sa'ad da ta ce jiyya za ta yi, iyayen suka ƙi ƙememe, don a ganinsu aikin ƙasƙantattu ne.

Sai 1851, tana da shekara 31, ta samu ta tafi Kaiserswerth ta ƙasar Jamus, ta yi wajen wata 3 tana koyo. Mukan tuna da wannan in ɗalibi daga Rabah ko Goronyo ya zo mana a shekararsa ta ƙarshe a kwaleji yana son komawa jiyya, uba kuwa na cewa ya makara.

Cikin 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta kai mata 38 asibitin soja na Scutari, inda cuta ta fi harsashi kisa. Ta buɗe makarantar jiyya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, ta rasu a 1910.